Ɗana Yana Karatun Injiniya, Yana Gudu, Yana Koyarwa, Yanzu Kuma Takara: In Hana Shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji biyu a sashen injiniyan lantarki a wata jami'ar tarayya. Yana cikin 'yan tseren makarantar, mita 800 da 1500 yake gudu, kusan kullum da yamma yana filin atisaye. Asabar da Lahadi kuma yana shiga wani ƙauye da ke bayan makarantar yana koya wa yara lissafi kyauta. Yanzu abokansa sun taso shi gaba wai ya fito takarar babban sakataren ƙungiyar ɗaliban injiniya. Ya gama aji ɗaya da CGPA 4.10, zangon da ya wuce ya sauko 3.70. Ni karatu na tura shi, kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Mahaifiyarsa tana ganin in ƙyale shi. In sa ƙafa in hana shi duka, ko yaya zan yi?" (Wani uba daga Katsina)

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa a gama lafiya. Ina koyarwa a tsangayar injiniya, kuma cikin ayyukan da sashe ke ɗora mini akwai bibiyar sakamakon ɗaliban aji guda da ba su shawara. Irin wannan magana takan zo teburina, wani lokaci daga bakin uba, wani lokaci daga bakin yaron kansa bayan ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Kai ka zo da wuri, kuma wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa.

In na fahimce ka, tambayarka ita ce ko waɗannan hidimomi ne suka cinye makin yaron, kuma ko raba shi da su zai dawo da makin. Ga inda na tsaya tun kafin in yi bayani: kada ka hana shi duka. Ka bar masa gudunsa, a rage koyarwar ta koma yini ɗaya, takarar kuma ya haƙura da ita bana. Abubuwan uku ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi tsone wa iyaye ido, wato filin wasa, shi ne mafi ƙarancin laifi a cikinsu.

Abin da 3.70 ke ɓoyewa

CGPA matsakaicin duk abin da ɗalibi ya samu ne tun ranar da ya shiga makaranta, ana auna kowane kwas da yawan yunit ɗinsa. A yawancin jami'o'inmu A maki 5 ce, daga 70 zuwa sama, B maki 4, C maki 3, wato daga 50 zuwa 59, haka har zuwa F da ba ta da komai. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, daraja ta biyu ta sama daga 3.50 zuwa 4.49, ta ƙasa kuma daga 2.40. Yawan yunit ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma mu ƙaddara ɗanka ya yi yunit 40 a aji ɗaya, ya ƙara 20 a zangon da ya wuce. Kafin yunit 20 su janyo 4.10 zuwa 3.70, sai abin da ya samu a wannan zangon kaɗai ya kasance 2.90. Ma'ana yaron da ya saba da A da B ya koma mai C a kusan kowane kwas, ko kuma akwai F ɗaya ko biyu kwance a cikin takardar. In ya maimaita irin wannan zangon sau ɗaya, zai tsaya cif a kan 3.50, bakin iyaka ke nan. In ya sake, ya faɗa daraja ta ƙasa. Ko da kuwa A ya jera a duk kwasa-kwasan zango mai zuwa, ba zai wuce 4.03 ba.

Saboda haka damuwarka a kan hanya take. Layin 3.50 ba ado ba ne. Tallafin karatun digiri na biyu irin na PTDF, wato asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, da ɗaukar sababbin ma'aikata a manyan kamfanonin mai da na sadarwa, galibi daga daraja ta biyu ta sama suke fara duba takardu. Wanda ya gaza wannan layi, sau da yawa ba a kai ga karanta shafin da ya rubuta lambobin yabonsa na gudu ba.

Sai dai kafin a ɗora wa fili laifi, a san cewa faɗuwar maki a aji biyu abu ne da muke gani kowace shekara, har a wurin ɗaliban da ba su san hanyar filin wasa ba. Aji ɗaya a tsangayar injiniya rabinsa maimaicin sakandare ne: fiziks, kemistiri, lissafi, sai darussan gama-gari. Yaro mai ƙwaƙwalwa yakan haye su da abin da ya taho da shi daga gida, da karatun mako biyu kafin jarrabawa. A aji biyu ne injiniyanci ke buɗe fuskarsa. Ga lissafin injiniya, ga ilimin ƙarfin ƙarafa da kayan gini, ga tamodainamiks, ga ilimin gudanar ruwa, ga tushen lantarki, ga zanen injiniya mai cin dare, ga aikin wakshof da rahoton ɗakin gwaje-gwaje kowane mako. Waɗannan ba a haddace su. Sai an zauna da biro da takarda ana warware tambayoyi, yau kaɗan gobe kaɗan, har hannu ya saba. Binciken masana koyo da koyarwa ya daɗe da tabbatar da cewa karatun da aka rarraba cikin makonni ya fi zama a kai fiye da wanda aka dunƙule a dare ɗaya. Ɗalibanmu kuwa har suna suka sa wa karatun kwana-zaune, TDB, suna alfahari da shi. Da yawansu a aji biyu dabarar ke fara cin amanarsu.

Don haka abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka karɓi takardar sakamakon mai nuna kwas-kwas, kada ka tsaya a jimilla. In faɗuwar ta taru a kwasa-kwasan lissafi biyu ko uku, sauran suna nan lafiya, to matsalar salon karatu ce, kuma ko ka ƙona takalman gudunsa ba za ta gyaru ba. In ta bazu ko'ina har da darussan gama-gari masu sauƙi, to lokaci ne da barci suka yi ƙaranci. In kuma makin tes da aikin gida ne ya zube, wanda yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin 100 na kwas, to yaron yana fashin aji, kuma wannan ya fi kowanne haɗari, domin ƙa'idar yawancin jami'o'i ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ya cancanci zama jarrabawa.

Gudu

Mako awa 168 ne. In aka cire kamar 50 na barci, 28 na aji da ɗakin gwaji, 30 na karatun kai, 30 na salla da cin abinci da wanki da layin ruwa da zirga-zirga, abin da ya rage bai wuce 30 ba. Wannan kiyasi ne nawa, ba doka ba, amma yana kusa da rayuwar ɗalibin da na sani. Atisayen yamma biyar zai ci kamar awa 12, koyarwar yini biyu da tafiyarta kamar 8. Saura 10. Ka riƙe wannan goman, za mu dawo kanta.

Abin da ya sa nake kare gudu shi ne lokacinsa yana da iyaka. Koci ya ce bayan la'asar, kafin magariba an tashi. Ba ya bin yaro ɗaki, ba ya kiransa a waya ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Kuma a gaskiya awannin da ke tsakanin la'asar da magariba, ga ɗalibin da ya wuni a aji tun takwas na safe, ba awannin karatu ba ne. In ka hana shi fili, a mafi yawan lokuta majalisa ce ko waya za ta gaje su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma amfanin motsa jiki ga barci da nutsuwa da rage damuwa abu ne da likitoci suka yi ittifaƙi a kai. A nawa aikin, 'yan wasan da na bibiya sukan fi tsara yininsu, domin sun san yammarsu ba tasu ba ce. Ba zan ce gudun ne ya ba su wannan hali duka ba. Mai yiwuwa masu horon kai ne tun asali suke jure atisaye. Ko ma wanne ne, yaron da zai iya tashi ya yi zagayen fili goma sha biyu ba tare da an tsaya kansa da bulala ba, yana da abin da ake buƙata don zama da lissafin injiniya.

Inda gudu ke cutar da karatu wuri uku ne, kuma biyu daga ciki kana da hannu wajen gyara su. Na farko abinci. Mai tseren matsakaicin zango yana ƙona abin da ɗalibin zaune ba ya ƙonawa. In ya dawo daga fili ya jiƙa garin kwaki ko ya dafa taliyar leda ɗaya, da ya buɗe littafi bayan isha'i barci zai kwashe shi, shi kuma ya ɗauka gudu ne ya gajiyar da shi, alhali yunwa ce. Ka tambaye shi abin da yake ci. In da hali, ƙarin wake da ƙwai da gyaɗa da madara a kuɗin wata zai yi masa abin da faɗa ba zai yi ba. Na biyu lafiya. Ya kamata ya san rukunin jininsa na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma yawancinsu suna wasa lafiya, amma matsanancin atisaye cikin zafin Maris da Afrilu tare da ƙarancin ruwa a jiki yana iya zame musu haɗari. Likitan asibitin makaranta ne zai ba shi shawarar da ta dace, har da yadda zai sassauta atisaye a watan azumi. Ka kuma ja masa kunne a kan tiramadol da sauran ƙwayoyin da wasu ke sha wai don ƙarin ƙarfi. Ban da illarsa ga lafiya, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Na uku shi ne tafiye-tafiye. Gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ba kowace shekara ake yin ta ba, amma in ta zo tana zuwa da wasannin share fage da zaman sansani, kuma ba ruwan jadawalinta da ranar tes ɗin sashen lantarki. A nan ne nake ganin 'yan wasa suna asarar maki a banza. Yaro ya tafi mako biyu, ya dawo ya tarar an yi tes biyu da furaktikal uku, sannan ya fara bin malamai yana roƙo. Hanyar ita ce ya karɓi takarda daga ofishin kula da wasanni, ta bi ta hannun shugaban sashe, ta isa ga kowane malami kafin ya hau mota. Malamin da aka sanar tun da wuri yakan yi uzuri. Wanda aka zo wa bayan an dawo, ko yana so ba lallai ya iya sake haɗa ɗakin gwaji saboda mutum ɗaya ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa wa yaron ba tare da kwana-kwana ba: lambobin da Najeriya ta samu a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik daga gajeren zango da tseren miƙa sanda da tsallake shinge da dogon tsalle suka fito. Mita 800 da 1500 fagen 'yan gabashi da arewacin Afirka da Turawa ne. Ya yi gudunsa don lafiya da horo da martabar makarantarsa, amma digirin ne sana'ar.

Takarar ce ke ba ni tsoro

Awa goman nan da ta rage, a cikinta ake so a zuba ofishin babban sakatare. Ba za ta ɗauka ba. Shugabancin ɗalibai aiki ne marar ƙofa. Tun daga kamfe ake farawa: fasta, zagayen ɗakunan kwana da dare, kuɗin da yaron ba shi da su, alkawuran da zai ɗauka wa waɗanda suka taya shi. In ya ci, sakatare shi ne jakin ƙungiya. Shi ke rubuta takardu, shi ke kiran taro, shi ke zaman jiran shugaban tsangaya a ƙofar ofis lokacin da 'yan ajinsa ke cikin lakca. Makon ƙungiya na shekara, da lacca da wasanni da liyafar cin abinci, yakan cinye wata guda cur, kuma sau da yawa ana sa shi dab da jarrabawa. Ga rigimar kuɗin ƙungiya, wadda ko mai gaskiya sai ta ɓata masa suna da barci. In aka yi rashin sa'a rikici ya tashi tsakanin ɗalibai da hukumar makaranta a kan ruwa ko wuta ko kuɗin rajista, sunan wanda ya sa hannu a takarda ake fara nema.

Duba kuma lokacin da abin zai faɗo. In an yi zaɓe a ƙarshen aji biyu, a aji uku zai riƙe ofis. Aji uku a sashen lantarki shi ne shekarar da ake aza harsashin sana'ar: nazarin da'irar lantarki, ilimin maganaɗisu da igiyoyinsa, injinan lantarki, ilektironik. Duk abin da zai karanta a aji huɗu da biyar a kansu yake zaune. Kwas ɗin da aka faɗi a nan yakan zama kari-oba, wato kwas ɗin da sai an maimaita, mai hana rajistar na gaba da shi, kuma tunda akwai iyakar yunit ɗin da ɗalibi zai ɗauka a zango, galibi 24, kari-oba biyu ko uku sun isa su ƙara wa yaro shekara. Na ga ɗalibai masu kaifin basira da suka shiga ofis da maki sama da 4.00, suka fita suna lissafin yadda za su tsira da 3.50, wasu ma suka ga 'yan ajinsu sun tafi hidimar ƙasa sun bar su.

Ban ce kada ya taɓa shugabanci ba. Lissafin da ya tsorata mu ɗazu shi ne kuma yake nuna lokacin da ya dace. Ɗalibin da ya tara yunit 160 da maki 4.00, in ya yi zango ɗaya mai yunit 20 da maki mai rauni na 3.00, zuwa 3.89 kawai zai sauko. Ofis ɗin da zai ci masa daraja guda a aji uku, a aji biyar ɗan abu kaɗan zai taɓa. Kuma a lokacin ya dawo daga SIWES, wato wata shida na koyon aiki a masana'antu da ake yi a aji huɗu, ya ga yadda manya ke gudanar da aiki, ya san darajar rubuta rahoto da riƙe alkawari. Zai fi amfanar ƙungiyar a lokacin fiye da yanzu. Kafin nan akwai shugabancin da ba ya buƙatar fasta. Kyaftin ɗin 'yan tsere shugaba ne. Wanda ya tsara darasin taimako ga 'yan aji ɗaya shugaba ne, kuma yana bitar lissafinsa ne a lokaci guda. Akwai ƙungiyoyi irin Enactus, wadda tawagogin Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suka wakilci Najeriya a gasarta ta duniya, inda ɗalibi ke jagorantar aiki na zahiri mai farko da ƙarshe. Irin wannan ya fi kusa da abin da injiniya zai yi a rayuwarsa fiye da rabon rigunan liyafa.

Kuma ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita: abokansa ne suka taso shi gaba. Ka tambaye shi, shi kansa me yake so ya gyara in ya hau. In yana da amsa takamaimai, amsar za ta jira shekara biyu. In ba shi da ita, ka taimake shi ya ce a'a, domin yaro mai kunya yakan karɓi abin da ba ya so don kada a ce ya watsa wa abokai ƙasa a ido.

Yaran ƙauyen

Wannan, Alhaji, abin godiya ne ga Allah. Saurayi mai shekara ashirin da ya zaɓi ya ba 'ya'yan talakawa hutun makonsa ba tare da an biya shi ba, tarbiyyar gidanku ce ta fito, kuma ba na so ka zama wanda ya kashe ta. Gyara kawai take so. Yini biyu sun yi yawa ga ɗalibin injiniya, domin ƙarshen mako ne kaɗai lokacin da yake samun awa huɗu a jere don zane da rahoto da warware tambayoyi. Ya ɗauki yini ɗaya, ya nemo abokai uku ko huɗu su raba kwanakin. Wannan ya fi wa yaran ma alheri. Aikin da ke kan mutum ɗaya yakan mutu ranar da jarrabawa ta zo, ko aka shiga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, ko ranar da mutumin ya gama makaranta. Yaran da aka saba wa malami sannan ya ɓace ba sallama, sukan daina yarda da na gaba. Hadisi ya inganta cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ya kuma yi abin da sanin mai unguwa da shugaban makarantar firamaren garin, a wuri buɗaɗɗe, don kare kansa da kare yaran.

Gargaɗi ɗaya, tunda lantarki yake karanta. Mutanen gari in suka ji "injiniya" za su fara kawo masa aikin wayarin masallaci, da haɗa sola, da gyaran famfon burtsatse. Ɗan aji biyu bai kai nan ba. Na taɓa ganin famfon sola da ɗalibai suka haɗa wa wata unguwa da kyakkyawar niyya, bai yi shekara ba ya tsaya, domin ba a auna girman injin da zurfin rijiyar daidai ba, kuma ba a koya wa kowa a garin kula da shi ba. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wayarin da aka yi ba daidai ba gobara yake jawowa. In za su yi aikin hannu, su yi shi a ƙarƙashin malami ko injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.

Me ya sa ba zan ce ya zauna da littafi kawai ba

Domin injiniyan da littafi kaɗai ya sani rabin injiniya ne. Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashe ke auna ingancin digirin injiniya da ita, kuma COREN ke bin tsarinta wajen tantance kwasa-kwasanmu, ta lissafa aiki cikin tawaga da iya bayani da ɗa'a da sanin tasirin aiki ga al'umma cikin siffofin da ake so mai digiri ya fita da su. Ranar da ɗanka zai tsaya gaban leburori talatin a wurin aiki, ko gaban dattawan garin da za a ratsa gonakinsu da turakun wuta, abin da ya koya a fili da ƙauyen nan ne zai yi masa rana. Manyan guraben tallafin karatu ma haka suke. Na Rhodes da ke kai ɗalibai Oxford, wanda yake da gurbi ga Afirka ta Yamma, yana neman hazaƙar karatu tare da jagoranci da hidima. Na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana sa mai nema ya rubuta bayanin inda ya taɓa jagorantar mutane. Maki ne ke shigar da takarda, sauran abubuwan ne ke bambanta ta da ɗaruruwan masu maki iri ɗaya.

Waɗanda suka haɗa abin suna nan. Kai da ka ga zamanin, ka san Segun Odegbami, wanda ya zura ƙwallo biyu a ragar Aljeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980 a Legas. Injiniyanci ya karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. Chika Chukwumerije ya karanci injiniyan kanikanci a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri, ya ci zinare a taekwondo a wasannin Afirka na 2007, ya kawo wa Najeriya tagulla daga Olamfik na 2008 a Sin. A Amurka, Gabby Thomas ta karanci kimiyyar ƙwaƙwalwa a Harvard, ta yi digiri na biyu a lafiyar al'umma, tana aikin sa-kai a wani asibitin marasa galihu a Austin, ta kuma ci zinare uku a tsere a Olamfik na Paris a 2024.

Amma kada a auna ɗanka da ma'aunin Amurka. Can hukumar wasannin jami'o'i ta ƙayyade atisaye da gasa a awa 20 a mako, manyan makarantu suna ba ɗan wasa masu taimaka masa da darasi da abinci da likita, kuma in makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida a dakatar da shi daga wasa. A nan babu mai yi wa yaro wannan gadin sai shi da iyayensa. Ko a can ɗin ma akwai inda ake zaɓi. John Urschel ya gama digiri biyu a lissafi a Jami'ar Penn State yana buga ƙwallon Amurka, ƙungiyar Baltimore Ravens ta ɗauke shi a 2014, ya fara digirin digirgir a jami'ar MIT yana wasa, amma a 2017, yana da shekara 26, ya ajiye wasan ya bi lissafi.

Yadda za ka zauna da shi

Umarni daga nesa ba ya aiki a kan ɗan jami'a. In ka ce ka hana, zai ce to, ya ci gaba, sai dai ya daina gaya maka, ka rasa ido a kan abin da kake tsoro. Ka kira shi in ya zo hutu, Hajiya tana wurin, domin ita ma tana da gaskiya a cikin abin da ta gani. Ku buɗe takardar sakamakon tare. Ka bar shi ya yi lissafin da na yi a sama da yunit ɗinsa na gaskiya, da hannunsa. Ɗalibin injiniya ya fi jin maganar lamba in shi ya fitar da ita. Sannan ku yi yarjejeniya mai adadi: zango mai zuwa makin zangon kaɗai kada ya gaza 3.80, babu kari-oba, babu fashin furaktikal. In ya cika, gudu da koyarwar yini ɗaya suna nan, kuma maganar takara za a sake buɗe ta bayan SIWES. In bai cika ba, atisaye ya koma sau uku a mako, ya kuma janye daga tafiye-tafiyen gasa har makin ya farfaɗo.

Ban ga yaron ba, ban ga takardarsa ba, kuma duk abin da na faɗa a kan abin da ka rubuto na gina shi. Faɗuwar maki wani lokaci tushenta yana wani wuri dabam: rashin lafiya, matsalar kuɗi da yake jin nauyin faɗa maka, soyayya, abokan banza, ko damuwar da ba ya iya bayyanawa. Mutumin da zai fi ni sanin wannan shi ne malamin da sashe ya ɗora wa kula da ajinsu. Ka sa yaron ya je ya same shi da takardar a makon farko na komawa, kuma in ka samu hali kai ma ka kira shi ku gaisa. Ka tambaye shi halartar yaron a aji, da makinsa na tes, da kwasa-kwasan da ya kamata ya fi ba ƙarfi a wannan zangon.